Idan maki bai kai na likitanci ba

Daren Juma'a a gidan wani dattijo a Makka, ana shan shayi, aka taso da zancen ɗansa mai burin zama likita amma makinsa ya gaza. Abin da na tsinta: makin sakandare ya riga ya wuce, sai a zage dantse kan jarrabawar Kudurat (ta auna basira) da Tahsili (ta darussan sakandare), waɗanda ake haɗa makinsu da na sakandare wajen shiga jami'a a Saudiyya, tunda cibiyar Kiyas mai shirya su tana ba da damar sake zama. Tahsili ta fi nauyi, kashi 40 cikin ɗari na makin shiga take ci a Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad. Wani malami ya dafa kafaɗar yaron: "Ɗana, kullum ka warware tambayoyin baya, agogo a gabanka." Wasu suka ce ya koma harhaɗa magunguna. Yaron ya sunkuyar da kai, ni ma ban so aka yi masa wannan gaggawar ba.