Baƙin mai a sarƙar babur: gyara ne ko ɓarna?

Oga Sani: Jama'a, ni har gobe ina kan bakana. Baƙin man da aka juye daga inji da man feshi na gwangwani duk aikinsu ɗaya. Bushewa ce ke kashe sarƙa, ba irin man da aka sa ba.

Habu: Oga, batun bushewa gaskiyarka ne. Amma ka taɓa murza baƙin mai tsakanin yatsunka? Akwai dattin ƙuna da ɓurɓushin ƙarfen da inji ya ci. Ga shi da kama yashi. Idan suka haɗu suka shige tsakanin fil ɗin sarƙa da ɗan bututun ƙarfen da yake juyawa a ciki, wasa ƙarfen suke yi kamar dutsen wasa wuƙa. Abin da muke cewa sarƙa ta miƙe, ai ba ƙarfen ne ya ja ba, filolin ne suka cinye, tazara ta ƙaru. Daga nan sai ta hau cin haƙoran farantin baya.

Oga Sani: To a lafta giris mana, shi ba ya zuba.

Malam Isa: Haba Sani! Giris a waje yake tsayawa, ba ya ratsawa inda ake gogayya. Ƙura kawai zai tara. Littattafan babura da yawa man giya mai lamba 80 ko 90 suke cewa a sa.

Habu: Malam, har sarƙa mai zoben roba?

Malam Isa: Wannan da maiƙonta take fitowa daga kamfani, zoben ya kulle shi a ciki. Mai na waje don zoben da tsatsa ne. Kada dai a wanke ta da fetur, robar za ta lalace. Kananzir ya wadatar.

Oga Sani: Duk na ji. Amma nawa ne cikin masu feshin suke wanke sarƙa kafin su fesa? Kan datti suke feshewa. Ni kuwa sai na goge tas nake ɗigawa.

Habu: Nan kam ka kama ni, nima na sha yin haka.

Malam Isa: A daina musu. Kowa ya je bayan babur ɗinsa, ya ja sarƙa daga kan farantin baya. Wanda ya hango rabin haƙori, alamar sarƙarsa ta cinye ke nan, ya turo hoto, ya faɗi man da yake sawa.

Oga Sani: Ni wayata ba ta da caji.