Shekarun da mutum ya yi yana koyarwa suna taimakawa wajen samun gurbin karatun lauya?

Malamar Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata firamare ta gwamnati a nan Rigasa, NCE gare ni, kuma na daɗe da burin karatun lauya. Wasu na ce min shekarun da na yi a aji za su ba ni fifiko a kan yaran da suka fito daga sakandare, wasu kuma na cewa ko kallonsu ba a yi. Don Allah wanda ya bi wannan hanya da ƙafarsa ya faɗa mana abin da ya gani. Ban da ji-ta-ji-ta.

Baristan Kongo:
Wa alaikumus salam Malama. Na koyar a sakandare kafin in shiga tsangayar shari'a ta ABU da ke Kongo, don haka bari in faɗa miki kai tsaye: a bakin ƙofa babu ruwan kowa da shekarunki na aiki. Fom ɗin JAMB ba ya auna su, kwamfutar da ke jera sunaye ma haka. Abin da ake dubawa shi ne kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Adabin Turanci, sai makinki na UTME, wato jarrabawar JAMB, sai abin da kika samu a tantancewar jami'a. Kuma gurbin a ƙididdige yake, domin Majalisar Kula da Ilimin Shari'a ce ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Shi ya sa za ki ga mai maki mai kyau ya nemi lauya an tura shi wani fannin.

Takardarki ce za ta iya yi miki rana. Wanda ya shiga ta UTME shekara 5 zai yi, wanda ya shiga ta DE, wato shiga kai tsaye da takardar gaba da sakandare, daga aji biyu yake farawa, shekara 4 ke nan. Sai dai ba kowace jami'a ke karɓar NCE a fannin shari'a ba, wasu sun fi son IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ko difloma ta shari'a, ko digiri na farko. Ki buɗe littafin bayanin kwasa-kwasai na JAMB na shekarar da za ki nema, ki karanta abin da aka rubuta a gaban jami'ar da kike so kafin ki kashe ko sisi.

Ɗan Tudun Wada:
Maganar Barista haka take, amma ni ta wata kusurwar koyarwa ta cece ni. Ina cikin waɗanda aka ɗauka N-Power ɓangaren koyarwa, shirin da aka fara a 2016, ana ba mu alawus naira 30,000 a wata. Aka tura ni wata sakandare aka ce in riƙe darasin Gwamnati na 'yan aji biyu na babbar sakandare, saboda babu malami. Ranar tantancewa na ɗauki takardar N-Power ɗin na saka a saman fayil, jami'in ya ɗaga ta da yatsa biyu ya miƙo min, ya ce wannan ba ta cikin abin da aka nema.

To amma me? Kafin nan na maimaita kundin tsarin mulkin Clifford na 1922, da na Richards na 1946, da na Macpherson na 1951, da na Lyttleton na 1954 a gaban allo har sun zauna min a ka. Yara kuma ba sa ƙyale mutum. Akwai wani yaro da ke zama a benci na ƙarshe kusa da taga, kullum sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to me ya sa aka canza na baya?" Dole in koma gida in nemo dalili. Da na zauna jarrabawar JAMB, tambayoyin Gwamnati ba su ɗauke ni lokaci ba, kuma makin da na samu a nan ne ya rufe min giɓin da na samu a Adabi. Da muka zo darasin dokar tsarin mulki a jami'a, abokan karatuna suna haddace shekaru, ni kuwa dalilan na riga na sani. Malama, idan da hali ki nemi a ba ki darasin da za ki rubuta a jarrabawa, ko da darasin yamma ne a unguwa.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, ku yara kuna maganar shiga, ni bari in yi maganar fita. Malamai da dama sun wuce ta hannuna da irin wannan buri, kuma abin da ya fi kayar da su hutun ƙaro ilimi ne. Ofishin da ke sama da mu ya fi saurin sa hannu idan karatun ya shafi koyarwa. Da ka ce lauya, sai a ce ai guduwa za ka yi, fayil ya kwanta. Wani malamina gurbinsa ya fito, takardar hutu ba ta fito ba, ya zaɓi albashi saboda iyali.

Kada kuma wani ya ruɗe ki da karatun ƙarshen mako. Digirin shari'a na wucin gadi ba ya kai mutum Makarantar Horas da Lauyoyi, kowa ya ga shekarun da ɗaliban shari'a na NOUN, jami'ar karatu daga gida, suka kwashe suna fafutuka a kan wannan. Sannan dabarar nan ta barin suna a takardar albashi mutum yana can yana lakca, ki guje ta. Tun tantancewar 2017, da aka ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawa aka sallame su, ido yana kan malaman firamare a jihar nan ta Kaduna. Wanda za a rantsar lauya kuwa sai an gamsu da halinsa. Takardar kora saboda rashin gaskiya ba abin da mutum zai so a gani a fayil ɗinsa ba ne.

Uwar Biyu, Barnawa:
Baba ya yi gaskiya. Ni tawa hanyar a juye take: na gama digirin shari'a, na yi Makarantar Horas da Lauyoyi ta Bwari, na yi bautar ƙasa a makaranta kamar yawancinmu, sannan na shiga shirin Teach For Nigeria na shekara 2, wanda ke tura masu digiri koyarwa a makarantun marasa galihu. Daga baya na nemi digiri na biyu a waje, kuma a can ne na ga inda koyarwa take da nauyi.

Ina jin masu ce miki koyarwa na ba da fifiko labarin Amurka suka ji. A can sai mutum ya gama digiri na farko yake neman karatun lauya, na shekara 3. Yawanci zai rubuta jarrabawar LSAT, wadda makinta ke tsakanin 120 da 180, ya haɗa da rubutaccen bayanin kansa da wasiƙun shaida daga waɗanda suka san aikinsa. Mutane ne ke zama su karanta fayil ɗin. Don haka wanda ya yi shekara 2 a Teach For America, irin wannan shiri nasu na can, yana da abin faɗa. Ko a can ɗin ma, waɗanda na yi magana da su sun ce koyarwa ba ta ɗaga maki mara kyau, tana raba gardama ne tsakanin mutum biyu da makinsu ya zo kusa. Tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya kuwa sharaɗinsa ne mutum ya yi aiki na aƙalla shekara 2, kuma da koyarwata na cike wannan sharaɗi.

Abin da na lura shi ne, cewa "na koyar da yara marasa galihu" ba ya motsa kowa, dubban mutane ke rubuta haka. Ni labarin yarinya ɗaya na bayar. Tana aji biyar, ita ce ke karanta wa 'yan ajin rubutun allo idan na fita. Mahaifinta ya rasu, 'yan uwansa suka sayar da gidan, uwar ta koma ƙauye da ita a tsakiyar zango. Ranar da ta zo sallama ta kawo min littafin karatun da na ara mata, ta naɗe shi a leda don kada ruwa ya taɓa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne, shari'ar Musulunci ta yanka wa yarinyar da uwarta rabonsu na gado, amma babu wanda ya tsaya musu a kan ko ɗaya. Na rubuta abin da na yi, da inda ƙarfina ya ƙare, da abin da nake son karantawa saboda haka. A hirar da aka yi da ni, kusan duk tambayoyin a kan wannan suka tsaya. Wasiƙar hedimastana ma ta fi ta wani babban lauya da na yi wa aiki amfani, don shi ya gan ni a aji, ya ambaci abubuwa da sunansu.

Malam Na Kawo:
Ku yi haƙuri, ni ban ga abin a zo a gani ba. Koyarwa ta ja ni baya ne. Na saba ni ke riƙe da jan biro, sai ga ni a benci ɗaya da sa'o'in ɗalibaina, malami yana tsawa ina sunkuyar da kai. Hannuna ya manta saurin rubutun jarrabawa. Ga kuɗin makaranta, ga cefane, babu albashi. Bayan digiri kuma Makarantar Horas da Lauyoyi ba ta haɗuwa da wani aiki, kuma ba lallai a tura ka reshenta na Bagauda ko na Bwari da ke kusa ba, kana iya tsintar kanka a Yola, Inugu, Yenagoa ko Legas. Mai iyali ya yi wannan lissafin tun yanzu.

Baristan Kongo:
Malam, lissafin kuɗi na yarda. Amma ranar da aka fara kotun gwaji, waye bai yi rawar murya ba a ajinku? Wanda ya iya tsayar da hankalin yara tamanin bayan an dawo daga hutun tara, alƙali ɗaya ba zai firgita shi ba.

Malamar Rigasa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Barista, na duba sakamakona na sakandare, ban yi Adabin Turanci ba sam, amma na yi shi a NCE. Zai wadatar?

Baristan Kongo:
Kada ki dogara da shi, Malama. Ki yi rajistar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ki rubuta Adabin, kuma ki fara neman littattafan da aka sa a manhajar bana tun yanzu, don ana canza su. Kafin nan ki tabbatar jami'ar da kike so tana karɓar sakamakon zama biyu a fannin shari'a. Idan zama ɗaya take so, duka darussan za ki sake, ba Adabi kaɗai ba.