Wata huɗu ban ga al'ada ba, likita ya ce wai damuwa ce

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana. Maigida ne zai ƙara aure bayan Babbar Sallah. Ni ban hana ba, sunna ce. Abin da ya tsaya min a rai, a bakin ƙanwarsa na ji, gidan suna, ana tsakiyar rabon waina ta ce "Anty kin ga akwatunan ƙanwarki kuwa?" Har ɗakin da keken ɗinkina yake ya ce in kwashe za a yi fenti. Tun ranar barci ya ƙaurace min, gabana sai faɗuwa, al'ada kuma shiru wata huɗu. Awon ciki babu, sikanin ma babu komai. Likita ya ce wai wani wuri ne a ƙwaƙwalwa, haifotalamas, damuwa ta taɓa. Ina ruwan kai da mahaifa? Ko dai an yi min wani abu ne?

Maman Afnan: Baiwar Allah tashi tsaye. Ni da aka yi min kishiya shekara na yi ina zubar jini, sai da aka haƙo laya a bakin murhuna. Har yau uwar mijina ba ta yarda ba, wai ni na binne.

Anty Nas: Ku daina firgita ta. Ƙanwata, likitanki gaskiya ya faɗa. Haifotalamas ɗin nan bai wuce ƙwallon dabino ba, can ƙasan ƙwaƙwalwa yake, amma yunwa, ƙishirwa, barci da zafin jiki duk a hannunsa suke. Idan tsoro ko baƙin ciki ya zo, shi ke aika wa fituitari, wata 'yar halitta da ke ƙarƙashinsa, saƙo, ita kuma ta taso wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda su saki kotizol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin damuwa. Faɗuwar gaban ma ta hanyarsa take biyowa. To idan abin ya daɗe, sai ya rage saƙon da ke sa ƙwai ya nuna, jiki ya ɗauka ba lokacin ɗaukar ciki ba ne. Ba ƙwai, ba al'ada. Tambayata ɗaya: kina cin abinci?

Mai tambaya: Ina ci Anty. Azumin Litinin da Alhamis kawai nake, sai na daina tuwon dare don in ɗan zube kafin biki. Ba zan yarda yarinya ta shigo ta same ni da tumbi ba.

Anty Nas: Kin ji ko! Damuwa ga yunwa, su ne manyan masu ɗauke al'ada ta wannan hanya. Ki koma cin abinci. Ki tambaya ko an duba miki tayirod (wata halitta da ke gaban wuya) da furolaktin (sinadarin da ke kawo ruwan nono), don matsalarsu ma tana kawo haka. Kuma in al'ada ta daɗe ba ta zuwa, ƙashi ke yin rauni.

Ummu Sadik: Ki dafa hulba da kanumfari ki sha, ko ki je kemis akwai ƙwayar da ke sauko da ita.

Anty Nas: Ƙwaya jini za ta kawo, ba za ta gyara tushen ba. Kar ki sha komai sai da izinin likita.

Maman Afnan: Ku 'yan asibiti komai damuwa. Layar da na haƙo ma damuwa ce?

Hajiya Babba: 'Yata, azkar ba ya hana asibiti. Ki zaunar da mijinki ki faɗa masa halin da kike ciki.

Mai tambaya: Hajiya ba ki san shi ba ne, cewa zai yi kishi ne. Kuma ni fa ba na cikin damuwa kamar yadda kuke zato, na sa a raina ƙaddara ce. Azumin ba zan bari ba. Ummu Sadik, hulbar kafin a karya ake sha ko bayan an ci abinci?