Abin da muka tattauna kan sayen littafan almarar kimiyya a Akara

Jiya bayan la'asar mun zauna a unguwar Nima muna maganar littafan nan na taurari, robot, dodanni da duniyoyin tsafi, to ga abin da na tsinta.

Yawancin waɗanda muka zauna da su sun ce kar ka fara da sabo, tsada zai kashe maka gwiwa. Ka zaga wajen masu shimfiɗa gwanjo a kasuwar Makola, ka yi ciniki sosai, wani lokacin kuɗin sabo ɗaya zai saya maka uku. Amma ka buɗe tsakiya ka duba, ni kaina na taɓa sayen wani mai kauri na kai rabi sai na tarar shafi kusan ashirin babu, wallahi ranar ban ci tuwo da daɗi ba.

Wani yayanmu ya ja kunne kan masu jeri, in labari kashi uku ne kar ka ɗauki na biyu kana cewa gobe za ka samu na farko, sai ka yi shekara kana yawo. Ya kuma nuna mana layin lambobin da masu buga littafi ke sakawa a bayan shafin sunan littafin, in lamba 1 na ciki to galibi bugun farko ne, irinsa ake riƙewa.

Ajiya ita ce babbar damuwa a garin nan. Damshin watan Yuni yana sa takarda ta yi fumfuna, gara da kyankyaso kuma ba sa tausayi. Kar ka jingina kabad da bango, kar ka ajiye kwali a ƙasa.

Aro kuwa, ka rubuta sunan mai karɓa a waya.