Hawan jinin masu ciki: garkuwar jiki ce ta tayar da shi, ko biyo sahu ta yi?

Mai harhaɗa magunguna: Assalamu alaikum. Maganar da ke yawo ita ce an gano tushen hawan jinin masu juna biyu, wannan da ke kaiwa ga jijjiga: garkuwar jikin mace ce ke juya mata baya. Ni kam na yarda. A 1999 Gerd Wallukat da abokan aikinsa a Jamus suka samu wani sinadarin garkuwa a jinin irin waɗannan mata, AT1-AA. Ƙofar da angiotensin II, sinadarin jiki mai tsuke jijiyoyin jini, ke buɗewa a bangon jijiya, ita yake buɗewa kamar jabun mabuɗi, sai jijiya ta tsuke, jini ya hau. A 2008 masu bincike a Houston ta Amurka suka tace shi daga jinin mata suka yi wa ɓeraye masu ciki allura. Jini ya hau, furotin ya fito a fitsari. Waɗanda aka haɗa musu da losartan, maganin hawan jini mai toshe wannan ƙofar, ba su kamu ba. To me ya rage?

Likitar mata: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ya rage shi ne wa ya riga wani. A Mississippi ana matse jijiyoyin da ke kai jini mahaifar ɓera a rana ta 14 da ɗaukar ciki. Ba a yi mata allurar komai ba, amma jikinta da kansa sai ya fara ƙera AT1-AA. Ka ga mabiyiya ce ta fara shiga ƙuncin jini, garkuwa ta amsa. An kuma same shi a matan da na'ura ta nuna jinin mahaifarsu bai gudana sosai, alhali har suka haihu jininsu bai hau ba. Sannan da zarar mabiyiya ta faɗo, yawanci jini na sauka cikin kwanaki ko makonni, ga shi a wasu matan sinadarin na nan har bayan shekara.

Mai harhaɗa magunguna: Dakta, a waɗancan ɓerayen dai da aka ba su rituximab, mai kashe ƙwayoyin B da ke ƙera shi, ai jinin ya ragu.

Likitar mata: Ya ragu, bai koma daidai ba. Yana ƙara wa wutar ƙarfi, wannan ban musa ba.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Ranki ya daɗe, ku duka kuna magana kamar gwajin guda ne. Na Wallukat, ƙwayoyin zuciyar jinjirin ɓera ake rainowa a faranti, a ƙirga bugunsu a minti ɗaya, a zuba IgG, wato sinadaran garkuwa da aka tace daga jinin mai ciki, a sake ƙirgawa. In bugu ya ƙaru, a zuba losartan. Sai ya koma yadda yake sannan a ce sinadarin ne. Wannan aiki yake aunawa. Ɗayan gwajin kuwa, ELISA, maƙalewar sinadarin a ƙofar kawai yake gani, kuma ba duk wanda ya maƙale a ƙofar ke buɗe ta ba, har a jinin masu lafiya ana samun irinsa. Shi ya sa sakamakon biyun ke yawan saɓawa. Na farkon ma fitina gare shi: sanyi kaɗan ya taɓa farantin, bugun ya canza.

Likitan ƙoda: A ɓangarenmu hujjar ta fi nauyi. Duska Dragun a asibitin Charité na Berlin, 2005: mutum 16 da aka yi wa dashen ƙoda, jiki ya ƙi ƙodar, jini ya yi mummunan hawa, babu sinadarin garkuwa mai yaƙar HLA (alamar da jiki ke gane baƙuwar ƙoda da ita) da aka saba zargi, sai wannan. Waɗanda aka tace wa ruwan jini, aka ba su IVIG (sinadaran garkuwa da ake ƙarawa ta jijiya) da losartan, ƙodarsu ta fi daɗewa. Amma kada a ja wannan zuwa kan dattijo mai 150/95 da cin gishiri da teɓa. Babu ƙa'idar magani da ta ce a yi masa gwajin.

Ungozoma: To tunda losartan ke toshe ƙofar, me zai hana a ba mai ciki?

Likitar mata: Kul, Sista! Yana lalata ƙodar ɗan tayi, ruwan da yake kwance a ciki ya ƙafe, ƙashin kai ya ƙi haɗuwa. Wadda ta zo awo tana shan sa, a canza mata zuwa methyldopa, labetalol ko nifedipine. Awon da muke da shi bai canza ba: 140/90 bayan mako 20, a duba fitsari. Ya kai 160/110, ko ga ciwon kai da dishi-dishin gani, a sa magnesium sulphate, maganin hana jijjiga, giram 4 a jijiya a hankali da giram 5 a kowane ɗuwawu, sai giram 5 a ɗuwawu duk awa 4. Kafin kowace allura a buga gwiwa, a ƙirga numfashi, a auna fitsari. Calcium gluconate, makarinsa in ya yi yawa, ya kasance a kusa.

Mai harhaɗa magunguna: Ban sauka ba tukuna, Dakta. A ɓerayen Houston an toshe sinadarin da ɗan guntun furotin mai amino asid 7, ba tare da an taɓa ƙofar kanta ba. Wannan hanyar ba ta da matsalar losartan.

Likitar mata: A ɓera. A kawo na mata mu gani.