Wani kuɗi ya fita daga katina bayan biyan bizar karatu ta Ingila, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanina ya samu gurbin digiri na biyu, na shekara ɗaya, a Ingila, ni na ba shi katina na dala ya biya kuɗin biza. Da saƙon banki ya shigo sai na ga an cire kuɗi sau biyu, na biyun ma ya fi na bizar yawa, an rubuta IHS a gefensa.

Ya ce min kuɗin kula da lafiya ne da ake karɓa daga ɗalibai, fam 776 a shekara. To amma abin da aka cire ya kai kimanin fam 1,164, wato na shekara ɗaya da rabi. Shin don bizar tana wuce ƙarshen karatu da 'yan watanni ne ake ƙara rabin shekara? Ko kuskure aka yi wajen cike kwanan wata?

Kuɗin riɗin da muka sayar ne, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Daga ƙauyenmu zuwa banki a Gumel tafiya ce, ba na son in je ban san abin da zan tambaya ba. Kuma in an hana bizar, ana mayar da wannan kuɗin cikin katin? Wanda ya taɓa biya don Allah ya yi min bayani.