Wace shimfiɗa ce ta dace da akwatin ƙaramar mesa?

Ɗan Kura:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana kiwon ƙaramar mesa, irin wadda take dunƙulewa wuri guda idan ta tsorata, kuma mun yi mata akwatin katako mai murfin raga. Abin da ya rage shi ne abin da za mu shimfiɗa mata a ƙasan akwatin. A nan Kura ɓuntun shinkafa kyauta ne a bakin injina, kafintan da ya yi akwatin ya ce garin katako ya fi laushi, wani kuma ya ce mu zuba yashi tunda a ƙasa take rayuwa. Ganin hunturu ya kusa, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Malamin Dabbobi daga Ringim:
Wa alaikumus salam, Malam. Duk ukun da ka lissafa ban goyi bayan ko ɗaya ba, amma garin katako ya fi ba ni tsoro. Abin da ake sharewa a shagon kafinta gauraye yake, ba wanda zai iya gaya maka daga wane ice ya fito, kuma galibi akwai katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai a cikinsa. Ko babu magani, akwai itatuwa masu ƙamshi, irin su sida da fain da ake shigowa da su, waɗanda man da ke jikinsu yake cutar da numfashin maciji. Dabba ce da take wuni da hancinta a kan shimfiɗa, a cikin rufaffen wuri, don haka ƙurar da kai ba za ka lura da ita ba ita take shaƙa dare da rana. Idan ka ga tana buɗe baki tana numfashi, ko yawu mai kumfa yana fitowa, to ciwon ya riga ya kama ta.

Yashi kuwa yana manne wa ɓeran da aka ba ta, ta haɗiye shi tare da abincin, a hankali ya toshe mata hanji. Ɓuntu yana da ƙaiƙayi da tsini, yana shiga baki, yana kuma kiran ƙwari. Shawarata ita ce a fara da tsohuwar jarida ko farar takarda, a ninka ta biyu ko uku. Ba ta da kyan gani, amma a kanta za ka ga kashinta sarai, ka kuma ga ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan da suke shan jinin maciji tun ba su yi yawa ba.

Baba Mai Lambu, Haɗeja:
Malamin Dabbobi ya yi gaskiya a kan garin katako, amma ina da ja a kan takarda, musamman a wannan lokacin. Wannan mesar a cikin ramuka da gidan gara take ɓuya a daji, inda akwai danshi, kuma masu kiwonta suna neman danshin iska ya kai kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, har ya ɗara haka idan za ta yi saɓa. Iskar hunturu a ƙasar nan tana sauka ƙasa da haka nesa ba kusa ba, takarda kuma ba ta riƙe ruwa. Sakamakon shi ne saɓar ta fita gutsi-gutsi, ta maƙale a kan ido da bakin wutsiya, har ta ɗaure wutsiyar jini ya daina kaiwa.

Ni zan zaɓi zaren bawon kwakwa, wanda masu sayar da furanni suke amfani da shi. A jiƙa shi, a matse shi sosai har ruwa ya daina ɗiga, sannan a shimfiɗa kaurin yatsu uku. Sharaɗin shi ne samansa ya kasance a bushe, domin idan ta daɗe kwance a kan jiƙaƙƙen abu fatar cikinta takan yi ja, ta yi ƙuraje, ta fara ruɓewa. Ɗana, ka kuma rufe rabin ragar nan, in ba haka ba danshin zai gudu tun kafin azahar.

Malamin Dabbobi daga Ringim:
Baba, ban musa ba, bawon kwakwa ya fi dacewa idan an same shi mai tsabta. Ga wanda bai samu ba, akwai mafita: a bar takardar, a sami robar abinci mai murfi, a huda ƙofa a gefenta, a goge bakin hudar don kada ta yanke ta, a sa tsumma mai ɗan danshi a ciki. Da kanta za ta shiga idan idanunta suka yi hazo, alamar saɓa ta kusa. Kowace shimfiɗa aka zaɓa, a kwashe kashi ranar da aka gan shi, a kuma wanke hannu da sabulu, saboda macizai suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela da ke sa gudawa, ta fi kuma yi wa yara illa.

Ɗan Kura:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Za mu fara da takarda da robar danshin, kafin in aika birni a nemo bawon kwakwar. Baba, kowane wata ake sauya shi gaba ɗaya, ko sai ya fara wari?